Na saka volt 2 na ga volt 7 a kan kafasita, mita ce ta lalace?

Wani ƙanenmu da ke ND a ɓangaren lantarki ne ya turo wannan tambayar, bari in kawo ta a taƙaice. A lab sun haɗa resista mai ohm 22, kwail mai 10 mH da kafasita 0.1 µF a jere, suka basu volt 2 daga siginal janareta, suna murɗa firikwensi a hankali, da suka iso wajen 5 kHz sai voltej ɗin kan kafasita ya haura har volt 7. Abokinsa yace ai mitar ce ta samu matsala. Shi kuma da ya koma ɗaki ya buga lissafi sai ya ga wai kusan volt 29 ma ya kamata ya gani, to yanzu ya rasa wa zai gaskata, mita ko littafi. Ya rufe da cewa in dai da gaske ana saka 2 a samu 7, me zai hana mutum ya haɗa irin wannan a gida saboda ranar da aka kawo wuta lo-karant.

To ƙanena, ka gaya wa abokin naka mita lafiyarta ƙalau, littafin ma bai maka ƙarya ba, kai ne ka manta da wasu resista guda biyu da ba a ganinsu a kan bod amma suna cikin sakit ɗin zaune daram, zan zo kansu. Abin da kuka gani shi ake ce wa rezonans, kuma ni har yau in na ga yara sun ci karo da shi sun zaro ido daɗi nake ji, don nima ranar farko sai da na canza mita biyu kafin na haƙura.

Mu fara da halin kayan. Resista ba ruwanta da firikwensi, ohm 22 ɗin nan ko a 50 Hz ko a 20 kHz tana nan a 22 ɗinta. Kwail kuwa ba ya son karant ya dinga canzawa, duk lokacin da karant zai ƙaru ko zai ragu sai ya turje, saboda haka in ka ƙara saurin juyawar wutar, wato firikwensi, turjiyarsa ƙaruwa take, XL = 2πfL, inda f shine firikwensi, L kuma girman kwail ɗin. Kafasita akasin haka take, ita kamar tulu ce, in aka daɗe ana zuba mata ta gefe ɗaya sai ta cika ta ƙi karɓa, amma in ana zubawa ana kwashewa da sauri ba ta samun damar cika, shi yasa tata turjiyar raguwa take in firikwensi ya hau, XC = 1/(2πfC), inda C shine girman kafasitar. Ka saka lambobinku ka gani. A 1 kHz kwail ɗin yana da kamar ohm 63, kafasita kuma kusan 1,590, ita ce ta tare hanya. A 20 kHz abin ya juye, kwail ya koma wajen 1,257 ita kuma ta sauko 80. Tunda ɗaya na hawa ɗaya na sauka dole akwai inda zasu haɗu, kuma in ka daidaita su biyun ka warware zaka samu f = 1/(2π√(LC)), naku ya faɗo a 5,033 Hz, a nan kowannensu yana da ohm 316. Wannan lissafin fa tsoho ne, William Thomson wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin ya fitar da shi tun 1853, lokacin ko rediyo babu.

Yanzu inda mutane ke ruɗewa. Kana iya cewa to 316 da 316 ai 632 kenan, hanya ta ƙara toshewa. A'a, ba tara su ake ba, ɗebe su ake, kuma dalilin yana cikin lokaci. A sakit na jere karant ɗaya ne ke bi ta cikin kowa, wannan ba gardama. Amma voltej ɗin kwail yana riga karant ɗin da digiri 90, wato rubu'in zagaye, domin shi kwail ya fi turjewa a daidai lokacin da karant ke canzawa da sauri, wato lokacin da yake tsallaka sifili. Na kafasita kuma baya yake biyowa da digiri 90, domin sai karant ya shiga ya tara caji tukuna voltej ya bayyana, kamar dai tulun nan, sai ruwa ya zuba kafin ka ga ya taso. Ɗaya rubu'i a gaba, ɗaya rubu'i a baya, tsakaninsu digiri 180 kenan, duk sanda na kwail yake ƙololuwar sama na kafasita yana can ƙasa. Shi yasa ake rubuta jimlar turjiyar sakit ɗin, wato Z, haka, Z = √(R² + (XL − XC)²), kuma a rezonans abin cikin baka na biyu ya zama sifili, Z ta koma R kawai. Janaretan yana kallon sakit ɗin bai ga kwail ba bai ga kafasita ba, resista kaɗai yake gani, sai karant ya kai iyakar yawan da zai iya kaiwa.

To amma kafasitar ai tana nan da ohm 316 ɗinta ba ta je ko'ina ba, kuma wannan karant mai yawa ta cikinta yake bi, ka ninka karant da 316 shine volt 7 ɗin da ka gani. Da ka ɗora mitar a kan kwail da shima wajen 7 zaka gani. Dokar Kirchhoff, mai cewa in ka tara voltej ɗin kayan da ke jere dole ya zo daidai da wanda ka saka, ba ta karye ba, ita dokar tana magana ne a kan kowane ɗan lokaci guda, a lokacin da kafasita ke da +7 kwail yana da −7, sun cinye juna. Mita ce ba ta faɗa maka alkibla, girma kawai take faɗa. Kamar ɗan kasuwar da yake bin wani dubu bakwai shi kuma ana binsa dubu bakwai, in ka duba littafin bashi ko ta wane shafi zaka ga bakwai, amma aljihunsa dubu biyun da ya fito da ita da safe ce kawai. In kana so ka tabbatar da idonka, ka ɗora waya ɗaya ta mita a farkon kwail ɗaya a ƙarshen kafasita, ka auna su biyun a haɗe, zaka ga abin bai kai rabin volt ba. Bakwai da bakwai sun ba da kusan sifili.

Daga ina enajin ya fito to? Ka taɓa lura da yarinya ta ɗauko bokiti cike daga famfo, ko ɗan ga-ruwa da garwa biyu a sanda? Ruwan yana da nasa saurin kai-kawo da yake so, ya danganta da faɗin bokitin da zurfin ruwan, in takunta ya zo daidai da wannan saurin sai kaɗawar ta dinga ƙaruwa taku bayan taku har ruwa ya fara zubo mata a wuya, alhali ba wani girgiza kai take da ƙarfi ba, ɗan turin da kowane taku ke bayarwa ne ke taruwa saboda yana zuwa a kan lokaci. In ta canza taku, ta ƙara sauri ko ta rage, sai ruwan ya lafa. Kuma kasan dabarar da iyayenmu ke yi, a jefa ganye ko a kifa ɗan ƙoƙo a saman ruwan, shikenan ya daina fallatsa. Ganyen nan shine resista. Ruwan da ya taru ya hau gefe ɗaya shine cajin da ke kan kafasita, gudun da yake a tsakiya yana komawa ɗaya gefen shine karant a cikin kwail. Enaji ɗaya ne ke kai-kawo, yanzu yana kafasita, anjima kaɗan ya koma maganaɗisun kwail, sau biyu a kowane zagaye, janaretan ba abin da yake sai cike gurbin wanda resista ta ƙone ta mayar zafi. A farkon kunnawa yana ɗaukar 'yan zagaye kafin abin ya taru ya kai 7, ido ne ba ya gani don zagaye dubu biyar ake a daƙiƙa.

Wannan shi ake aunawa da Q, lambar da ke nuna yawan enajin da ke kai-kawo in an kwatanta da wanda ake ƙonewa. Q = XL/R, ko kace (1/R)√(L/C), kuma voltej ɗin kan kafasita a rezonans shine Q sau voltej ɗin da ka saka. Kai ka raba 316 da 22 ka samu 14.4, ka ninka da 2 ka samu kusan 29, lissafinka daidai ne in da 22 ɗin ce kaɗai a ciki. Amma ka je ka duba gaban janaretan nan kusa da inda ake soka waya, galibi zaka ga an rubuta 50 Ω, wannan resista ce a cikin cikinsa kuma a jere take da sakit ɗinka ko ka so ko ka ƙi. Na biyu kwail ɗin kansa, ai siririyar waya ce mai tsawo aka naɗe, ƙananan 10 mH ɗin nan na lab in ka auna su da mita a ohm zaka samu goma sha wani abu har zuwa talatin ko fiye, mu ɗauka naku 18 ne. 22 da 50 da 18 ya zama 90. Volt 2 a raba da 90 ya ba da kamar 22 mA, a ninka da 316, volt 7 cif. Q ɗinku na gaskiya 3.5 ne ba 14 ba. Kaga mita da littafi sun shirya.

Akwai ma wani abin da na tabbata baku duba ba. Volt 2 ɗin nan kun saita shi ne kafin ku kai rezonans, da kun mayar da mita bakin janaretan a daidai 5 kHz da kun ga ya faɗi zuwa wajen 0.9, saboda sakit ɗin yana jan karant sosai kuma fiye da rabin voltej ɗin yana zubewa a kan 50 ɗin ciki. Wannan faɗuwar ita kanta alama ce mai kyau ta gane an iso rezonans na jere. In kuma kana son ka ga lissafin enajin da na faɗa, ƙololuwar karant 31 mA ce, ½LI² ya ba da kamar 4.9 µJ da ke kai-kawo, wanda ake ƙonewa a kowane zagaye kuma wajen 8.8 µJ, ka raba na farko da na biyu ka ninka da 2π zaka sake samun 3.5 ɗin nan. Duk pawar da ke cikin harkar ba ta kai wat 0.05 ba.

Duk da nace mitarku lafiya, kar ka saba da yarda da ƙananan mitocin kasuwa a irin wannan aikin, da yawansu an yi su ne don wutar gida, in ka karanta takardarsu zaka ga daga 40 zuwa 400 Hz aka basu, a 5 kHz sai su fara rage maka lamba. Osiloskop ya fi. Shi kuma nasa tarkon shine ƙaramar wayar gefe mai bakin kada, ta giraun, a haɗe take da giraun ɗin janareta ta cikin soket, in ka maƙala ta a tsakiyar sakit ka yi shot ɗin wani abu baka sani ba. Duk abin da zaka auna ka matsar da shi ya zama shine na ƙarshe a gefen giraun. Sannan in rezonans kake nema ka auna a kan resista, inda voltej ɗinta ya fi yawa nan ne. Na kan kafasita yana kai ƙololuwa ne ƙasa kaɗan da wurin, da Q 3.5 wajen 4,930 Hz zai faɗo, ba 5,033 ba. Kuma kar ka ɗaga hankalinka in ka ga 4.8 ko 5.3 kHz, kafasitar da aka rubuta 0.1 tana iya kaucewa da kashi 10 cikin ɗari, wannan kuma zai matsar da firikwensin da kamar kashi 5.

Ɗaya fuskar Q ita ce faɗin ƙofa. In ka matsa hagu ko dama daga rezonans karant zai fara sauka, wuraren nan biyu da ya sauko zuwa 0.707 na ƙololuwa, wato pawa ta koma rabi, tazarar da ke tsakaninsu ita ce f/Q. Naku 5,033 a raba da 3.5, wajen 1,430 Hz, tudu ne mai faɗi. Da 22 ɗin ce kaɗai da 350 Hz ne, tsini sosai. Abin da rediyo ke rayuwa a kai kenan. Eriya tana kwaso duk tashoshin duniya lokaci guda, sandar baƙin ƙarfen nan ta cikin rediyo da aka naɗe da waya ita ce kwail, siginal yana shigowa ne a cikin naɗin kansa don haka a jere yake da kwandansan da kake murɗawa. A tsofaffin rediyo masu kwandansa mai faranti zaka samu kwail wajen 240 µH da kwandansa mai kaiwa 365 pF, in farantan sun shige juna gaba ɗaya kana wajen 540 kHz, in ka buɗe su ya sauko 40 pF ka haura 1,600 kHz, ka lura sai da kafasita ta canza ninki tara kafin firikwensi ya canza ninki uku, aikin √ ɗin nan ne. Rediyon Kaduna a 594 kHz yana buƙatar wajen 300 pF da wannan kwail ɗin. Tashoshin AM a nahiyarmu da Turai tazarar 9 kHz ake basu, Amurka 10, to 594 a raba da 9 ya ba da 66, Q ɗin da kake buƙata kenan kusan in da'ira ɗaya ce zata yi aikin, ma'ana duk resistans ɗin kwail ɗin kar ya wuce ohm goma sha uku da ɗoriya. Shi yasa ake naɗa shi da waya mai silli-silli da yawa a murɗe, don a babban firikwensi karant a bayan waya yake bi ba ya shiga tsakiya. Kuma Q in ya yi yawa shima matsala ne, ƙofar zata matse har ta yanke siraran sautuka murya ta koma kamar daga cikin rijiya. A aikace dai rediyo yana sauke kowace tasha zuwa 455 kHz ne ya yi yawancin tacewar a can, gwangwanayen nan masu sukurun kala-kala da masu gyara ke hana yara taɓawa. Kafin a gano wannan dabarar ta tunin, masu aika saƙo ta iska kowa shiga na kowa yake, Oliver Lodge ya yi rajistar tasa a 1897, Markoni kuma ya yi tasa shahararriyar rajistar mai lamba 7777 a 1900.

Sai maganar lo-karant, kuma a nan ina roƙonka don Allah kar ka gwada. Mu yi lissafin tare. A 50 Hz in ka ɗauki kafasita 100 µF kana buƙatar kwail wajen 0.1 H, kowannensu ohm 32 kenan. A ce an kawo wuta 160, kuma duk resistans ɗin waya da kwail ohm 2 ne, in ba ka jona komai ba karant zai nemi ya kai amfiya 80, voltej ɗin kan kafasita kuma ya doshi 2,500. Kafin a kai can fiyus ya tashi ko ƙarfen kwail ya ƙoshi ko kafasitar ta fashe maka a fuska, amma ka ga inda abin ya nufa. To ka jona kaya a kan kafasitar, me zai faru? Nan ne abin mamakin, a daidai rezonans sakit ɗin yana tura karant tsayayye ne cikin kayan, 160 a raba da 32, amfiya 5, ko mene ne ka jona. In kayan gidan sun tashi ohm 46 zaka ga 230 ka ce ka gano sirri. Firij ya kashe kansa, lodi ya ragu ya koma ohm 100, voltej ya tashi 500, TV da caja sun tafi. An kunna hita, ya faɗi ƙasa da 160 ɗin da ka gudo. Wani injiniyan Faransa Paul Boucherot ya yi aiki a kan wannan tun ƙarshen ƙarni na 19, don samar da karant tsayayye. Gida kuma voltej tsayayye yake so. Kuma ko a lokacin da ya baka 230 ɗin ba kyauta ba ne, duk wat ɗin da kayanka suka ci daga layin ya fito, da ƙarin na zafin kwail. Sitabilaiza ma haka take, tiransifoma ce mai rassa da rile ke zaɓa, kayan wat 1,000 da ke jan amfiya 4.3 a 230 sai ta jawo sama da 6 daga layi in wuta na 160, shi yasa in kowa a layi ya saka sitabilaiza wutar ke ƙara faɗuwa.

Amma wannan halin da ya sa bai dace da gida ba shine ya sa ya dace da fitila. Ka fasa tsohon kwan enaji-seba mai murɗaɗɗen gilashi ka duba bod ɗin, akwai tiransisto biyu, ɗan kwail na 'yan mH, da wata ƙaramar kafasita mai 'yan nF da aka rubuta mata volt 1,000 ko fiye, a haɗe tsakanin bakunan gilashin biyu. A ce 2.5 mH da 3.3 nF, rezonans wajen 55 kHz. Kafin fitilar ta kama gas ɗin ciki ba ya wuce da wuta, kamar ba lodi kenan, Q yana sama, voltej ya yi tsalle ya kai ɗaruruwa masu yawa ya fasa gas ɗin. Da ta kama sai ta zama lodi, Q ya faɗi, kwail ya koma aikin tsare karant. Ba wanda ya danna komai, sakit ɗin ne ya yi duka biyun da kansa. Masu gyara sun sani, in kwan ya ƙi kamawa bakinsa kawai ke ja, wannan 'yar kafasitar ake fara zargi. Pawa-saplai na TV ɗin LED da manyan cajojin laftop da yawa suma kwail da kafasita ne a jere kafin tiransifoma, wanda ake kira LLC, suna gyara voltej ta hanyar matsar da firikwensi kusa ko nesa da rezonans. Cajar waya ta ɗorawa mara igiya ma haka, wajen 100 kHz ake saita nata.

Ko fankar silin ɗin ɗakinku tana da ɗan wannan halin. Ka taɓa tambayar kanka me yasa kwandansan fanka mai 2.5 µF aka rubuta masa 400 ko 450 V alhali wutar 230 ce? A jere yake da naɗin taimako na motar, ba cikakken rezonans ba ne amma sun ɗan cinye juna, don haka voltej ɗin kansa yakan wuce na soket, ka auna fanka tana gudu ka gani. Wanda ya saka mai 250 V don ya fi araha zai dawo kasuwa ba da daɗewa ba.

A manyan wurare kuwa rezonans ɗin da ba a gayyata ba shine ke cin kuɗi. An taɓa kirana wani injin casar shinkafa, bankin kafasita da suka saka don gyara pawa-fakto, wato rage karant ɗin banza da motoci ke ja daga layi, yana ta cin fiyus, gwangwanayen suna kumbura, sun canza sau biyu suna zagin mai kaya. Ba laifin kayan ba ne. Sun ƙaro injinan da ke sarrafa gudun mota, su kuma waɗannan ba sa jan karant sumul, suna zubo hamonik, wato karant mai firikwensi ninkin 50 Hz, na biyar a 250 Hz na bakwai a 350 Hz, kafasitocin da kwail ɗin tiransifoma kuma suka yi daidai kusa da wurin, in an koma kan janareta ma wurin ya sake matsawa ƙasa don shi turjiyar kwail ɗinsa ta fi yawa. Maganin shine a saka wa kowace kafasita riyakto, wato kwail, a jere, wanda ake ce wa na kashi 7, wato XL ɗinsa kashi 7 cikin ɗari na XC a 50 Hz, sai rezonans ɗinsu ya zauna a 189 Hz, ƙasa da 250, inda ba hamonik mai ƙarfi. Amma ka tuna darasinka na lab, kwail a jere da kafasita yana ɗaga mata voltej, a nan da kamar kashi 7.5, layin 415 ya zama 446 a kanta, don haka dole a sayi masu 480 ko 525. Mai wurin ya so a bar tsofaffin masu 440 a ƙara riyakto kawai, sai da muka yi ta fama kafin ya yarda. A Amurka ma an taɓa yin babba, tashar wuta ta Mohave a jihar Nevada, 1970 da kuma 1971, kafasitocin da aka saka a jere da dogon layi suka yi rezonans wajen 30 Hz, abin ya yi daidai da saurin da shaf ɗin injin ke son murɗewa yana warwarewa, sau biyu shaf yana lalacewa kafin a gane daga ina ne.

In kun koma lab ga abin da nake so ka yi. Ka fara auna kwail ɗin a ohm ka rubuta, ka gyara 18 ɗin da na ƙiyasta. Sannan ka cire 22 ka saka 220, jimla ta zama wajen 288, Q ya sauko 1.1. A 5 kHz ya kamata ka ga kamar volt 2.2 a kan kafasita, amma in ka sauko da firikwensi a hankali zata ɗan ƙara hawa har wajen 2.5 a kusa da 3.8 ko 3.9 kHz kafin ta fara komawa 2, alhali voltej ɗin kan resista yana nan da ƙololuwarsa a 5 kHz bai matsa ba. Ka ɗauki lambobi kamar goma sha biyar daga 1 kHz zuwa 15 kHz da kowace resista, ka matse su kusa-kusa tsakanin 4 da 6, ka zana su a takarda ɗaya ka turo min hoton in gani.